An Riga An Yi wa Mato Rakiya

Ranar da aka raka Mato tashar jirgin ƙasa, sai ka ce wani attajiri ne zai tafi aikin hajji. Zangon Agege ya tashi kaf. Fataken goro sun fito, masu ɗaurin huhu sun fito, ladan ya fito, har da mai shayin bakin masallaci wanda ko jana'iza ba ta cika raba shi da teburinsa ba. Mato kuwa ba kowa ba ne. Tsohon lebura ne mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar, ya zo Ikko gemunsa bai gama fitowa ba, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen shimfiɗa ganye a jera goro a ɗaure huhu a ɗora a tarago. Bai tara komai ba sai mutane. Matarsa ta rasu da daɗewa, Allah bai ba su haihuwa ba.

Abin da ya tayar da shi, wani ɗan ci-rani ne ya zo daga gida da saƙon baka daga yayarsa Mairama. Ta ce a faɗa masa duk 'yan ɗakinsu sun ƙare sai su biyu, idonta kuma ya fara dushewa, in yana so ta gan shi to ya zo yanzu. Mato ya kwana yana juya maganar. Shi ma jikinsa ya daɗe yana ba shi labari, kuma ba ya son a binne shi a ƙasar da ruwa ke cika kabari tun ba a gama haƙa ba. Gari ya waye ya ce shi fa ya gama zaman Ikko.

Sai ya yi ban kwana irin na mutanen da, wanda ba a yin sa sau biyu. Ya bi gida-gida yana neman gafara, har gidan wani mahauci da suka yi sa-in-sa tun zamanin soja na farko, wanda shi kansa mahaucin ya manta dalili. Ya ba wannan katifa, ya ba wancan risho. Ɗakinsa ya bar wa wani yaro da ya yi sabon aure ba shi da wurin ajiye amarya. Liman ya yi masa addu'a bayan sallar asuba, jama'a suka shafa. Fatake suka haɗa masa ɗan kwandon goro fari tas na tsaraba. A kan dandamalin tasha kuwa, amininsa Baballe, dattijo mai furfura wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa a banza ba balle hawayensa, ya riƙe hannun Mato ya fashe da kuka a gaban kowa.

"Na Tasawa," ya ce, "in ba mu sake ganawa ba, sai a can."

"Allah shi haɗa mu a inuwa guda, Baballe," in ji Mato.

An so ya hau doguwar bas kamar yadda kowa ke yi yanzu, ya ƙi. Aka ce tsufa ne da taurin kai, ya bar su a haka. Gaskiyar maganar ba ta faɗuwa. Ciwon fitsari ne ya kama shi, ba ya iya riƙewa, kuma direban bas ba ya tsayawa don wani tsoho ya ce a tsaya. Jirgi yana da makewayi. Da ya jiƙa wando a cikin mota tsakanin mata da yara, gara ya mutu a hanya, haka ya yanke wa ransa.

To, jirgin Kano bai zo ba. Rana ta take, aka yi azahar a bakin tasha, aka yi la'asar. Masu shago suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zo ya sake riƙe hannunsa, ban kwanan yana ƙara gajarta. Mato da kansa ya shiga korarsu, yana cewa su tafi ga sana'arsu, yanzu za a ji shi. Baballe ne ya rage, shi ma da kyar Mato ya tura shi gida gab da magariba. Bayan tafiyarsa ne Yakubu, wani ma'aikacin tasha mutumin Filato da ke juya wa jirage layin dogo, ya zo ya tsuguna kusa da shi ya ce an aiko da saƙo cewa ruwan sama ya cinye hanya a can Arewa, ana gyara.

"Sai yaushe ke nan?"

"Baba, wataƙila gobe, wataƙila jibi. Ka koma gida ka kwanta, in ya zo ni zan aika a kira ka."

Wanda bai san mu ba zai ce ai shawara ce mai kyau. Daga tasha zuwa zango tafiya ce da ko shayi ba zai huce ba. Amma mutumin da aka yi wa rakiya, aka yafe masa ya yafe, liman ya ɗaga hannu dominsa, dattijo ya zubar da hawaye a bainar jama'a saboda shi, da wace fuska zai bayyana gobe a sahun asuba? A ce masa me, sannu da zuwa? Hawayen Baballe kuma a mayar da su ina? Ga angon nan da amaryarsa a ɗakin. Mato ya san da ya leƙa ƙofar, yaron zai kwashe kayansa ya fita ba tare da ya ce uffan ba, kuma wannan shi ne abin da ya fi tsoro. Ya ce da Yakubu zai jira a nan, ai kwana ɗaya ne.

Tashar ba wata babba ba ce. Dandamali ne guda, ɗakin sayar da tikiti, da wani sito na ajiyar kaya da rufinsa ya tsattsage. Daga gaba kaɗan layi ya rabu biyu, ɗaya ya miƙe Arewa, ɗaya ya karkata zuwa inda ake sauke shanu a da, yanzu ciyawa ta rufe shi, matattun taragu na tsaye a kai. Kasuwa ta daɗe da cinye sauran. Mata suna baje tumatir da attaruhu da busasshen kifi a kan dogon kansa, in an ji ƙahon jirgi kowa ta sure farantinta, yana wucewa a mayar kafin ƙura ta kwanta. Tun da farar hula suka karɓi mulki rediyo ke cewa za a farfaɗo da jirgi, za a kawo sababbin kawunan jan taragu. Matan tumatir dai ba su ga dalilin matsawa ba.

A cikin ɗaya daga matattun taragun nan Yakubu ya bar Mato ya shimfiɗa tabarma. Kayansa ba yawa, tunda ya rabar: jaka guda, buta, da kwandon goro. Gobe ta zo, jibi ta zo, sati ya juyo. Jirage suna shigowa, amma ba nasa ba. Akwai ƙaramin da ke kwasar ma'aikata safe da yamma, mutane har kan rufinsa. Akwai na kaya da ke jan siminti, ya tsaya a kwance tarago a ƙulla wani, ya ƙara gaba. Duk wanda ya yi ƙaho sai Mato ya naɗe tabarma ya ɗora jaka a ka ya fito, Yakubu ya girgiza masa kai daga nesa, ya koma ya sauke.

Abin da ya fi ci masa rai kiran salla. Daga taragon yana jin lasifikar masallacinsu sarai, har tarin da ladan ke yi kafin ya fara. Ya san wanda zai tsaya a damansa da wanda zai tsaya a hagunsa da yana can. Sai ya yi alwala a bayan sito, ya yi sallarsa shi kaɗai, yana bin kabbarar liman daga nesa kamar ɓarawo. Juma'a ma bai je ba, mutumin da tun zuwansa Ikko bai taɓa rasa ta ba, ya zauna ya yi kuka marar sauti. Da rana ba ya fitowa sai dole, dolen kuwa tana yawan zuwa, don ciwon ya ƙaru, dare da rana yana hanyar bayan sito, abin yana fita da zafi kaɗan-kaɗan.

Goron ne ke rage masa yini. Kullum da safe ya buɗe kwando, ya zazzage a kan tabarma, ya bi su ɗaya-ɗaya da yatsa, ya ware wanda sankara ta fara ci don kada ya ɓata na kusa da shi, ya yayyafa wa ganyen ruwa, ya mayar ya rufe. Hannunsa ya san aikin ko da ido a rufe. Yana yi yana raba su a zuci, wannan na Mairama, wannan na limamin garinsu in yana raye, wannan na duk wanda ya fara gane shi a bakin kasuwa. Kwandon dai kullum ƙasa yake yi.

Abinci kuwa Yakubu ke kawo masa a rufaffen kwano, ya ce matarsa ce ta dafa. Tuwo ne da miyar kuka, har da man shanu. Mato yana ci yana sa wa wannan Kirista albarka, yana mamakin yadda matar Filato ta iya kaɗa kuka haka.

Ya ɗauka ɓuyansa ya yi. Hanyar da mutanen zango ke bi zuwa kasuwar goro ta tsallaka dogo ne daidai gaban sito, don haka kwanakin farko yana lafewa a bayan ƙofar tarago yana leƙe ta wata huda. Sai ya lura ba ya ganin kowa. Yarbawa na wucewa, Inyamurai na wucewa, 'yan ci-rani baƙin fuska na wucewa, amma nasa mutanen ko ɗaya. Ya ce Allah ne ya rufa masa asiri.

Ran nan da hantsi ya fito daga bayan sito yana gyara mazagin wando, buta a hannu, sai ga Baballe a tsakiyar dogo, tsakaninsu bai fi a miƙa hannu ba. Ido ya faɗa cikin ido. Mato ya buɗe baki. Baballe ya kawar da kai, ya sunkuya a kan farantin wata mai tumatir, ya shiga taya tumatir da Yarbancinsa na kasuwa, mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa sayen cefane ba. Aka ƙulla masa a leda, ya karɓa, ya juya ya koma ta inda ya fito yana ɗingishi, bai waiwayo ba.

Mato ya koma tarago ya zauna. Ya ji abin har cikin ƙashinsa. Ashe haka ne. An yi kukan, an shafa addu'ar, an rufe shafinsa, yanzu ya zama abin da ake kawar wa kai. Mutumin da suka ci a kwano ɗaya tun suna samari ya gan shi ya zaɓi tumatir. A ranar bai buɗe kwandon goro ba, tuwon ma da Yakubu ya kawo ya kwana a rufe. Ya roƙi Allah, in jirgin ba zai zo ba, to ɗayan, na ajali, ya zo.

Kara abu ce mai kyau, ba mai musu. Amma mu mukan yi ta har ta wuce inda take da amfani, kowa ya yi shiru don kada ya kunyata ɗan'uwansa, ɗan'uwan yana can yana mutuwa da shirun. Da a ce ranar Baballe ya daure ya ce "Na Tasawa, kana nan?" da an yi dariya an yi kuka an wuce wurin. Bai ce ba, don a ganinsa babu ƙaunar da ta fi ya nuna bai gani ba.

Wadda ta fasa abin 'yar Baballe ce, Zuliha. Haihuwar Ikko ce, tana aiki a wani kantin magani a Oshodi, bakinta kuma ba ya da linzami, Hausarta rabi Yarbanci rabi Turanci. Da yammacin wata Laraba ta hau taragon ba ko sallama mai kyau, ta tsaya a kansa riƙe da ƙugu.

"Baba Mato! Haba, Baba Mato, wetin bi dis? Dubi yadda ka koma!"

Ya jawo bargo ya rufe ƙafafunsa. "Ɗiyata, wa ya gaya miki ina nan?"

"Wa ya gaya mini? Wa ne bai sani ba? Tun ranar farko kowa ya sani. Ai Oga Yakubu ya zo ya faɗa wa Baba a daren."

Ta zauna a bakin ƙofa ta zazzage masa komai, ba ta rage ba. Liman ne ya ce kada wanda ya bi ta gaban sito, kada a haɗa ido da shi ya ji nauyi. Duk zango yanzu ta can mararrabar mota ake zagayawa zuwa kasuwa. Mahaifinta da ciwon gwiwarsa kullum sai ya yi wannan zagayen safe da yamma, ya dawo ƙafa a kumbure. Ranar da suka haɗu mantawa ya yi ya biyo tsohuwar hanya, ya koma gida da tumatir ya shiga ɗaki ya ƙi cin abinci. Tuwon da yake ci daga tukunyar mahaifiyarta yake fitowa. Angon nan kuwa tuni ya mayar da amarya gidansu, shi yana kwana a zaure, an share ɗakin an bar shi a buɗe ko Allah zai sa ya dawo da kansa.

"Kowa yana pretending, Baba, kai kana yi su suna yi. Ni na gaji, o. Kuma Oga Yakubu ya ce ba ka barci, kowane lokaci kana bayan sito. Fitsari ne, ko? Yana fita da zafi? Akwai jini? Wannan ba abin kunya ba ne, tsofaffi da yawa suna zuwa shagonmu da shi. Likita zai sa maka robar fitsari, shi ke nan."

Mato ya sunkuyar da kai. Yarinyar nan shi ya je ya sayo ragon sunanta a kasuwar Alaba Rago, shi ya riƙe ƙafarsa aka yanka. Yau ita ce ke tambayarsa yadda fitsarinsa ke fita. Kuma in ta sani, uwarta ta sani, in uwarta ta sani, matan zango sun sani. Ya so ya ji daɗin cewa ba a manta da shi ba, ya nemi daɗin a ransa bai same shi ba. Abin da ya samu shi ne gwiwar Baballe, da amaryar da aka raba da ɗakinta, da unguwa guda tana zagaye saboda tsoho ɗaya da ya kasa tafiya.

"Gobe in na tashi aiki zan zo da Baba da mota," in ji Zuliha. "Ko gida ko asibiti, ka zaɓa. Ka ji ko?"

"Na jiya, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka. Tahi, dare na yi."

Washegari yana idar da asuba ya share taragon tas, ya wanke kwanon tuwo ya kife a bakin ƙofa. Ya ɗora jaka a ka, kwando a kan jaka, tabarma a hammata, buta a hannu. Yakubu bai fito aiki ba tukuna, matan tumatir ma ba su fara baje kaya ba. Ya bi dogon da ya miƙe Arewa. Dabararsa mai sauƙi ce: zai je tasha ta gaba, inda ba wanda ya san shi, ya jira jirgin a can. Mutane su koma bin hanyarsu, yaro ya dawo da matarsa.

Da ƙuruciya da wannan tafiya ba komai ba ce, ya sha ɗaukar huhun da ya fi shi nauyi. Yanzu kuwa duwatsun dogo suna cin tafin ƙafarsa ta cikin silifa, wuyansa yana rawa, kuma ba ya yin nisa sai ya sauke kaya ya nemi gindin bango. Ya wuce bayan gidaje, ya wuce bola, ya wuce wani coci da ake ta kiɗa da safiyar Allah. Yara suka bi shi da ido, wani ɗan acaba ya yi masa magana, ya wuce abinsa. Sai bayan azahar ya kai.

Wurin bai cancanci a kira shi tasha ba. Ɗan dandamalin siminti ne da ya farfashe, da rumfa ba rufi, da allon da rana ta cinye rubutunsa. Ba ɗakin tikiti, ba ma'aikaci, sai wata tsohuwa can gefe tana gasa masara. Mato bai damu ba. A saninsa, lokacin da ya zo daga gida, jirgi ba ya wuce tasha komai ƙanƙantarta, ko mutum ɗaya ne a tsaye sai an tsaya an ɗauke shi. Bai tambayi kowa ba, don mai tambaya shi ma tambayarsa ake yi. Ya shimfiɗa tabarma, ya rama sallarsa, ya jingina da ginshiƙin rumfa yana jin zazzaɓi na hawa.

La'asar ta yi sanyi ke nan ya ji dogo yana tsuwwa. Sai ƙaho daga kudu, mai kauri, mai tsawo, ba irin na ƙaramin jirgin ma'aikata ba. Ya miƙe da sauri har jiri ya ɗebe shi, ya naɗe tabarma, ya ɗora jaka, ya ɗora kwando, ya matsa bakin dandamali. Ga shi nan tafe, dogo, da taragun fasinja a jere, an gyara hanya ashe. Mato ya ji hawaye na zubo masa, yana cewa alhamdu lillahi, Mairama, ga ni nan.

Jirgin bai rage gudu ba. Mato ya ɗaga hannu. Ya ɗaga buta yana kaɗawa, yana kiran a tsaya da muryar da shi kansa ba ya ji saboda ƙarar ƙarfe. Tagogi suna wucewa cike da mutanensa, huluna da rawuna da mayafai, wani yana ɓare rake, wata tana ba ɗa nono. Suka ga tsoho a ƙauyen tasha yana ɗaga musu hannu, abin ya ba su sha'awa, suka ɗaga masa su ma. Wani dattijo a bakin ƙofa har da ɗaga murya, "Sannu, Baba! Allah ya ba mu alheri!" Taragon ƙarshe ya wuce, iskarsa ta kaɗa rigar Mato, ƙarar ta yi ta raguwa har ta ɓace.

Ya daɗe a tsaye da kaya a ka. Daga baya ya sauke su a hankali ya zauna a kan jakar. Ya san jirgin ya tsaya a Agege, ya daɗe ma, an yi turereniya an shiga. Anjima kaɗan Zuliha za ta iso da mahaifinta, su tarar da tarago a share, kwano a kife, a ce musu ai na Kano ya zo ya wuce. Yakubu zai ce yana can wajen juya layi, bai ga shigarsa ba saboda cunkoso. Baballe zai ɗaga tafukansa sama ya ce Allah ya kai Na Tasawa gida lafiya, labari ya zaga zango kafin magariba, kowa ya ji sanyi a ransa. Ba wanda zai neme shi a nan, ba kuma wanda zai neme shi a ko'ina.

Tsohuwar mai masara ta fara kashe wutarta tana haɗa kaya. Mato ya dubi dogon ta kudu, inda ya fito, sannan ya dube shi ta arewa. Mararsa ta ɗaure, ya ɗauki buta ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi.